Wankan Jegon Yaya a Shekarar Sanyi

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Lahadi Inna ta zame a bakin rijiya. Na san lokacin don ina zaune a bakin gado bayan na idar da sallah, littafi a cinyata, agogo kuma yana kan taga a gabana. Na ji ƙarar bokiti, sai shiru, sannan ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Kwana tara ke nan da haihuwar Yaya.

A Tsafe Yaya take aure. Da yake haihuwar fari ce, tun cikinta na wata takwas aka dawo da ita gidanmu a Gusau don ta yi wankan jego a gaban Inna, kwana arba'in, safe da yamma. Inna ta fara shirin wankan nan tun kafin a gama yankan gero. Ta sa Kawu ya aiko mata da itacen marke da kirya daga Karakkai, aka jera su a bayan madafa, ta lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ko Baba bai isa ya zari guda ɗaya ya ji ɗumi ba. Ta kan ce duk abin da za a faɗa a Tsafe a faɗa, amma ban da cewa an mayar musu da yarinya ba ta gasu ba.

Sai shekarar ta zo da sanyin da tsofaffin unguwarmu suka ce ba su tuna irinsa ba. Man gyaɗa ya daskare a kwalba, sai an ajiye shi kusa da murhu kafin ya zubo. Babur ɗin Baba ba ya tashi sai rana ta ɗaga, ga shi abokan cinikinsa na hatsi ba su fitowa kasuwa kafin goma. Kajinmu biyu muka tarar a sandare a akurki. Ruwan da ya zube a bakin rijiya da yamma ba ya bushewa, ya kwana yana santsi a kan siminti, shi ne ya kayar da Inna.

Mai ɗori ya zo kafin hantsi. Tsintsiyar hannun dama ta karye, ƙugu kuma ya bugu, ya ce kada ta tashi tsaye sai da dalili. Duk wannan ana yi babbar tukunya tana kan wuta tana tafasa, Yaya kuma tana tsaye a ƙofar ɗaki da jariri a kafaɗa.

Aikin manyan mata ne, kowa ya sani. Baba ya kira Gwaggo a Bunguɗu, ta ce mijinta na kwance da tari mai tsanani, ba ta da halin barinsa. Kakarmu a Karakkai ko tsakar gida ba ta fita a sanyin. Unguwarmu sabuwa ce a gefen gari, gidajen tsilli-tsilli, tsohuwa ɗaya da muka sani ta tafi wajen 'yarta. Inna ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta juyo ta dube ni.

"Malama, tahi ki sauke ruwan can."

Malama ake ce mini a gida, ba don yabo ba. Ina shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai lokacin, muna hutu. An san ni da littafi da rashin magana. In aka yi baƙi na kan gaishe su daga bakin ƙofa in koma ɗaki. Amma kwana taran nan ni nake kai wa Inna bokitai, kuma ni mutum ce mai kallo. Na san yawan ganyen darbejiyar da take ɗaurewa, na san da gwiwar hannu take gwada zafin ruwa, na san daga kafaɗa take farawa.

Sanin bai hana wankan farko lalacewa ba. Banɗakinmu ba rufi, murhun kuma yana can ƙarshen tsakar gida. Kafin in kawo bokiti na biyu na farko ya huce. Ga kunya, ban taɓa ganin Yaya haka ba, sai na riƙa tsoma ganyen ina ɗan yayyafa mata, kaina a sunkuye. Haƙoranta na kaɗawa ta juyo ta ce, "Malama, wanka kike mini ko tofi?"

Muka yi dariya, amma da ta fito jikinta sanyi ƙalau, ta kwana tana atishawa.

Kuskuren da ya fi wannan na yi shi washegari. Surukar Yaya, wadda kowa ke ce wa Hajiya, tana kiran wayar Inna kowace safiya ta ji lafiyar jikanta. Ranar Inna ta sha magani barci ya ɗauke ta, Yaya tana shayarwa, wayar ta yi ta ƙara har na ɗauka. Muka gaisa. Ta tambayi mai jego, ta tambayi yaro, sannan ta ce, "Ina Innar taki, lahiya dai?"

Ni kuma da aka yi mini tambaya sai na ba da amsa. Na gaya mata Inna ta faɗi jiya ƙarfe shida saura kwata, na faɗi hannun da ya karye, na ce Gwaggo ba za ta samu zuwa ba, ni ce nake yin wankan, ruwan yana hucewa da wuri, itacen ma yana tafiya fiye da yadda aka tsara. Ban rage komai ba. Har ina jin daɗin yadda na jero bayanin a tsare.

Ta ce, "Ke wace ce?"

"Ƙanwar mai jego ce."

"Mai karatun nan?"

"E."

"To. Ki ce ma Innarki ina tahe ranar Alhamis. A haɗa ma yarinya kayanta, ta ƙarasa wankanta nan wurina."

Da Inna ta farka na faɗa mata saƙon. Ta yunƙura za ta tashi, ƙugun ya mayar da ita.

"Mi kika ce mata?"

Na maimaita.

"Mutum ya ce maki lahiya, ki ce lahiya lau. Shi ke nan gaisuwa. Wa ya aike ki ba da rahoto? Shekara nawa kina karatu ba a koya maki wannan ba?"

Ta juya fuskarta bango. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka ba, ranar ma ban gani ba, bayanta kawai na gani. Yaya ce ta fayyace mini abin da na jawo. A zo a ɗauke mai jego daga gidan iyayenta kafin arba'in, magana ce da za a riƙa tunawa a kowane biki da suna har jaririn nan ya yi aure. Ita kanta ba ta son tafiya. Ta ce a can ko kwanciya za ta yi da rana sai ta duba wa ke tsakar gida. Baba da ya dawo ya saurara, ya ce, "Matarsu ce, jikansu ne. In sun ce su tahi da ita ba mu da ta cewa." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Kafin magariba labari ya zaga dangi. Gwaggo ta kira daga Bunguɗu ta ce wata da ke aure a Tsafe ta gaya mata wai an bar mai jego tana wanka da ruwan sanyi. Kawu ya kira daga Karakkai yana salati, shi an ce masa ƙafafun Inna biyu ne suka karye. Duk kiran da ya shigo Inna sai ta miƙo hannun hagu ta karɓe wayar kafin in taɓa.

Kwana uku suka rage. Ban sa a raina cewa zan sauya ra'ayin Hajiya ba, mutumin da ba ya iya haɗa ido da baƙo ba ya irin wannan tunanin. Abin da na ƙudura shi ne, kwana ukun nan Yaya ba za ta sake fitowa daga wanka tana rawar sanyi ba. Sai na zauna na bi aikin daki-daki, yadda nake bin darasin da ya gagare ni, ina neman inda zafin yake zurarewa.

Na fara da ruwan. Inna ta saba cika duro da yamma don kada ta sha wahalar ja da asuba. Ruwan nan yana kwana a waje, da safe in ka tsoma yatsa sai ka ji har cikin ƙashi. Ranar Talata duron bai cika ba, na je rijiya in ƙaro, da gugan ya fito na ga tururi na tashi daga bakinsa. Na tsoma hannu na ji shi da ɗumi-ɗumi. Na cika tukunya ɗaya da na duro, ɗaya da na rijiya, na duba agogo. Na rijiyar ya riga tafasa da nisa. Daga ranar na daina cika duro, na koma jan ruwa ana kiran assalatu. Igiyar ta farfasa mini tafin hannu, amma itacen ya daina gudu.

Sai murhun. Na kwashe duwatsun na dawo da su taku uku daga ƙofar banɗaki, na jingina wani tsohon kwanon rufi ta gabas inda iska ke bugowa. Na roƙi Baba buhunan da ba ya amfani da su a rumfa, na farke su na ɗinke da babbar allura, na ɗora a kan sanduna na rufe saman banɗakin, na bi da tabarmar da ke kan itace. Ƙofar ma na rataya mata bargo. Zanen da Yaya za ta ɗaura in ta fito na riƙa shanya shi a sanda kusa da wuta. Baba ya tsaya ya dubi abin ya ce ya yi kama da rumfar mai shayi.

Saura bugun ganyen, wanda ba a koyonsa da kallo. Na ɗauro ganye na shiga wajen Inna, wadda tun ranar Litinin ba ta yi mini doguwar magana ba. Na durƙusa na ba ta baya, na ce ta nuna mini. Ta karɓa da hagu ta sauke mini shi a tsakiyar baya har sai da na yi gaba.

"Haka. Ba ƙwai ba ce, mutum ce. Ki tsoma, ki kaɗe sau ɗaya, ki buga, ki danna. Kada ki bari ganyen ya huce a sama kina tunani."

Ta yi ta bugu tana faɗar wurare: kafaɗa, gadon baya, ƙugu, mara a hankali. Ina jin har da haushin wayar ta sauke a bayan nan nawa. Ranar Laraba da yamma Yaya ta fito daga wanka da gumi a goshi, ta sha kunun kanwa kofi biyu, ta yi barcin da sai da aka tashe ta sallah. Ta ce mini, "Malama, ashe hannun nan yana da nauyi." Duk da haka a ranar na haɗa mata kayanta. Na ninke na jariri daban, nata daban, na ajiye jakunkuna biyu a bayan ƙofa.

Hajiya ta iso ranar Alhamis bayan azahar. Doguwa ce mai jiki, ta sa rigar sanyi biyu a ƙarƙashin mayafi, da safa a ƙafa. Ta shiga ɗakin Inna ta zauna. Ga hannun Inna ɗaure da karare a kan matashi, amma da Hajiya ta ce ina gajiya, ya jiki, Inna ta ce lahiya lau, alhamdu lillahi. Hajiya ma ta ce lahiya lau, alhali tana tari. Suka yi ta jera gaisuwa, sanyi, mutanen Tsafe, mutanen Bunguɗu, amfanin gona. Ina bakin ƙofa da kwanon ruwa ina sauraren yadda ake yi. Sai can Hajiya ta ce mai motar da ya kawo ta ba ya son hanya da yamma, za ta kwana, gobe da hantsi su wuce. Inna ta ce Allah ya kai mu.

Da la'asar na fita haɗa wuta. Hajiya ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a tsakar gida, carbi a hannu, tana kallona. Ashana uku na lalata kafin wutar ta kama. Da na ɗauki guga na nufi rijiya ta ce, "Ga duro nan da ruwa, don mi za ki ja wani?"

Na ba ta amsa.

"Ɗaga murya, ɗiyata, ba da ƙasa kike magana ba. A waya ai na ji ki sarai."

Na ce na rijiya ya fi ɗumi. Ta taso da kanta, ta tsoma hannu a sauran ruwan wanke-wanken da ke duro, ta tsoma a guga. Ta sake tsomawa. Sannan ta koma ta zauna.

Da ruwa ya tafasa na sirka, na gwada da gwiwar hannu. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta ganyen, yau ita za ta yi. Na ba ta. Ta ɗaga bargon ta shige, Yaya na biye da ita kai a ƙasa. Ni kuma na tsaya a ƙofa ina miƙa bokiti, ɗaya na ƙarewa ɗaya na shiga, ba jira. Ina jin saukar ganyen. Can sai bargon ya motsa, hannun Hajiya ya fito riƙe da rigar sanyi. Na karɓa. Ba a jima ba ta miƙo ta biyun.

Ta fito fuskarta sharkaf da gumi, ɗankwali ya zame. Ta tsaya tana haki, ta ɗaga kai ta dubi buhunan, ta bi ɗinkin da yatsa.

"Wa ya ruhe nan?"

Yaya ta ce, "Ita ce."

"Ni rabona da gumi tun kahin a tara gero," in ji Hajiya. Ta ga na zaro zanen daga sanda na lulluɓa wa Yaya, ta taɓa shi ta ji ɗuminsa. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce a ba ta ruwan alwala.

Ba a ta da maganar tafiya a wajen cin tuwo ba, ba a kuma ce an fasa ba. Jakunkunan suna nan a bayan ƙofa inda kowa ke ganinsu.

Da asuba ina bakin rijiya na ji takun mutum a bayana. Hajiya ce, ta lulluɓa da bargo. Ta tsaya tana kallo har na cika tukunya, sannan ta zaga bayan madafa ta dubi itacen da ya rage.

"Wanga zai kai ku arba'in?"

"Zai kai," na ce. "Har da ragowar kwana biyu, in ba a ɗiba don girki ba."

"Har da ragowar kwana biyu." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ke komi sai kin auna shi?"

Na sunkuya na hau haɗa wuta.

Wankan safen ta ce in yi, ita za ta gani. Ta tsaya daga ciki a jikin bango. Ban dube ta ba ko sau ɗaya. Na tsoma, na kaɗe, na buga, na danna, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yadda aka buga a bayana. Tururi ya cika wurin har ba na ganin fuskar kowa, abin da ya taimake ni ke nan. Wuri ɗaya kawai ta gyara mini, ta ce in ƙara daɗewa a ƙugu, nan ne sanyi ke maƙalewa. Na ƙara.

Bayan an karya, Hajiya ta shiga ɗakin Inna suka daɗe. Ba na jin abin da suke cewa, sai tarin Hajiya jefi-jefi. Yaya ta shirya jariri, ta sa mayafinta, ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa. Wajen ƙarfe goma mai mota ya yi hon a ƙofar gida. Baba ya leƙo daga zaure ya koma. Hajiya ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya a tsakar gida, ta ce in zo. Ta kama hannuwana ta juya su, ta dubi inda igiya ta farfasa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗanya, ta lakato ta shiga murza mini, da ƙarfi, har yana zafi.

Mai motar ya sake yin hon. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ce komai game da kayan. Inna ba za ta tambaya ba, Yaya ba ta da bakin tambaya. Na ga in ba ni ba, haka za a yi ta tsayuwa. Na ɗaga murya yadda Hajiya za ta ji.

"Hajiya, in kai jakunkunan mota?"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da murza man a tsakanin yatsuna.

"Mai da su ɗaki," ta ce. "Ni banɗakina ba a ruhe yake ba, ruwana kuma a duro yake kwana. In yarinya ta cika arba'in ke za ki rako ta da kanki, ki taho da allurar nan taki. Ina da ɗiya mai ciki wata bakwai."